Izinin Uwa: Nazarin Gidan Harrison a Fim Ɗin Stepmom

Uwa da 'ya'yanta biyu sun fita kilisa a kan dawakai. Ƙaramin, Ben, ɗan shekara 7, ya ɗauko zancen matar da babansa ke shirin aura. Ya tambaya ko tana samun kuɗi da yawa, uwar ta ba shi amsa mai cike da habaici. Ya ce shi dai a ganinsa kyakkyawa ce, uwar ta yi wa haƙoranta ba'a. Yaron ya yi jim, sannan ya dubi uwarsa ya ce idan tana so ya tsani matar nan, to zai tsane ta.

Nan take fuskar uwar ta canza. Ita ma ba ta san nisan da maganganunta suka yi a zuciyar yaron ba sai da ta ji su daga bakinsa. Tun daga ranar da na ga wannan wuri ban daina tunaninsa ba, domin duk abin da fim ɗin ya kwashe awa 2 yana faɗa, yaron nan ya faɗe shi a numfashi ɗaya. Ben ba shi da wata matsala da Isabel, matar da baban nasa zai aura, tana ma burge shi. Abin da ya hana shi sakin jiki da ita shi ne bai san ko an yarda masa ba, kuma mutum ɗaya tak ke da ikon ba shi wannan izini.

Fim ɗin shi ne Stepmom, wanda ya fito a Amurka ranar Kirsimeti ta 1998. Chris Columbus ne ya ba da umarni, ya kuma sadaukar da shi ga mahaifiyarsa Irene wadda ciwon daji ya yi ajalinta. Susan Sarandon ta fito a matsayin uwa, Jackie Harrison. Julia Roberts ce Isabel Kelly, matar uba mai jiran gado. Ed Harris shi ne uban, Luke, yayin da Jena Malone da Liam Aiken suka fito a matsayin yaran, Anna da Ben. An kashe kusan dala miliyan 50 wajen shirya shi, ya kawo sama da miliyan 150 a faɗin duniya. Masu sharhin finafinai da dama sun kushe shi, suna cewa an gina shi ne don tatsar hawaye, kuma a ƙasa zan nuna inda na yarda da su. Duk da haka gidan da ya zana ya isa a zauna a yi nazarinsa kamar gida na gaske. Gigi Levangie, wadda labarin ya samo asali daga alƙalaminta, ita kanta ta zauna a matsayin matar uba, kuma hakan ya fito fili a ƙananan abubuwan da mai ƙagawa daga nesa ba zai hango ba.

Ga yadda gidan yake. Luke lauya ne a birnin Niyok, sun rabu da Jackie, yaran kuma suna kai da kawowa tsakanin gidaje biyu bisa jadawali. Jackie ta ajiye aikinta na harkar ɗab'in littattafai tun tuni don rainon 'ya'ya, tana zaune a wani babban gida a wajen gari. Ta haddace komai na yaranta: ranar da ake koyon kaza a makaranta, abincin da wannan ke so, abin da ke tsorata wancan. Isabel kuwa matashiya ce mai ɗaukar hoton tallar kayan sawa, tauraruwarta na haskawa a sana'arta, ba ta taɓa haihuwa ba. Tana zaune gida ɗaya da Luke tun kafin a ɗaura aure, kamar yadda ya zama ruwan dare a can. Wato a mafi yawan fim ɗin ba ta da wani matsayi da doka ko al'ada ta tabbatar mata, alhali ita ce ke tashin yaran da safe, ita ke ɗauko su daga makaranta idan aiki ya riƙe ubansu.

Da safiya irin wannan aka buɗe fim ɗin. Isabel ta makara, ta tashi a gigice. Ben ya ɓuya tana ta nemansa, karin kumallo ya lalace, Anna mai shekara 12 tana huci saboda ranar sanya riga mai launin shunayya ce a makarantarsu kuma ba a wanke tata ba. Ana cikin wannan ruɗani Jackie ta turo ƙofa, tsaf da ita, ta ce daga nan ita za ta karɓa. Ba ta ɗaga murya ba. Kallon da ta yi wa ɗakin girkin ya wadatar, kuma yaran sun karanta shi sarai.

A 1978 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Andrew Cherlin, ya rubuta maƙala inda ya kira auren da ke biyo bayan saki tsari wanda ba a kammala gina shi ba. Hujjarsa ita ce, auren fari yana zuwa da ƙa'idojin da kowa ya sani, amma wanda ya auri mai 'ya'ya babu wanda ya tanadar masa amsar tambayoyi mafi sauƙi. Da wane suna yaran za su kira shi? Yana da ikon tsawatarwa? Idan makaranta ta kira taron iyaye, zai je? Isabel tana tsaye ne a tsakiyar wannan fili da ba a shata ba. Idan ta matso a ce tana neman ƙwace gurbin uwa, idan ta ja baya a ce ba ta damu da yaran ba. Gaba kura, baya sayaki. Kuma lamarin ba na tsiraru ba ne a ƙasar: wani binciken cibiyar Pew da aka fitar a 2011 ya nuna kashi 42 cikin 100 na manyan Amurkawa suna da aƙalla dangi ɗaya da auren baya ya haɗa su, ko matar uba, ko mijin uwa, ko agola, ko ɗan'uwan da suka haɗa uwa kawai ko uba kawai.

Yaran biyu ba su ɗauki lamarin iri ɗaya ba, kuma a nan fim ɗin ya yi gaskiya. Ben yana gwada Isabel da ƙiriniya irin ta yara, yana wasan rufa-ido, yana ɓacewa, amma zuciyarsa a buɗe take. Anna ce ta ja daga. Ta je makaranta ta shaida wa malamai cewa iyayenta za su mayar da aurensu, har za su ƙaura zuwa Suwizalan, sai da aka kira iyayen biyu aka tambaye su. Wanda zai kira wannan ƙarya kawai bai fahimci yarinyar ba. Addu'arta ce take faɗa da ƙarfi, ko Allah zai sa ta tabbata. Kasancewar Isabel a gidan shi ne shaidar da ke rusa wannan fata kullum safiya, shi ya sa duk alherin da ya fito daga hannun Isabel yake yi mata ɗaci. An kawo musu ɗan kwikwiyo kyauta, Anna ta mayar da kyautar abin gori.

Masu bincike sun daɗe da lura da wannan bambanci. E. Mavis Hetherington ta jami'ar Virginia ta bi diddigin iyalai kusan 1,400 na tsawon shekaru kusan 30, ta tattara sakamakon a littafin da ta fitar a 2002. Daga cikin abin da ta gano, farkon balaga shi ne lokaci mafi wuya ga yaro ya karɓi sabon aure a gidansu, kuma 'yan mata sukan fi maza jan lokaci. Dalilin bai ɓuya ba. Yarinya mai shekara 12 tana fama da nata sauyin, tana neman sanin wace ce ita, sai kuma a kawo mata baƙuwa a ce ta koyi zama da ita. Hetherington ta kuma gano abin da ya kamata ya sanyaya zuciyar iyaye: kusan kashi 75 zuwa 80 na 'ya'yan da iyayensu suka rabu suna girma lafiya ƙalau. Kusan kashi 25 ne ke fuskantar matsala mai tsanani, idan aka kwatanta da kashi 10 a gidajen da aure bai mutu ba. Haɗarin ya ninka, amma mafi yawa suna tsallakewa, kuma abin da ya fi cutar da waɗanda suka kasa tsallakewar shi ne rigimar manya da ba ta ƙarewa.

Rigimar ta kai ƙololuwa ranar da Isabel ta tafi da yaran wurin aikinta a dandalin shaƙatawa na Central Park. Hankalinta na kan kyamara, Ben ya sulale. Sai a ofishin 'yan sanda aka same shi. Jackie ta iso a fusace, ta ce za ta nemi umarnin kotu da zai hana Isabel sake kaɗaicewa da 'ya'yanta, sai da Luke ya yi ta roƙo kafin ta janye. A wannan karon ban ga laifin Jackie ba. Duk uwar da aka ce mata ɗanta ya ɓace a tsakiyar birni irin Niyok, abin da za ta yi ke nan ko fiye. Isabel ta yi sakaci na gaske, kuma fim ɗin bai wanke ta ba.

Abin da ya biyo baya ne ya fi tsaya mini a rai, domin a nan laifin ya koma ɗaya ɓangaren. Wata rana Jackie, wadda ba ta mantuwa, ta manta da ɗauko yaran daga makaranta. Isabel ce ta je, kuma ta rufa mata asiri a gaban yaran, ta ɗora wa kanta laifin. Daga nan ta nemi alfarma ɗaya: a bar ta ta kai Anna kallon wasan mawaƙan Pearl Jam. Jackie ta ƙi, ta ce yarinya ƙarama ba ta zuwa irin wannan wuri a daren da washegarinsa akwai makaranta. Da ranar ta zo, sai ga Jackie da tikiti biyu a hannu, ita za ta kai 'yarta, har tana yi wa Isabel godiya da ta ba ta shawara. Anna ta rungume uwarta cikin murna, ba ta san komai ba. Isabel tana tsaye tana kallo.

Babu zagi a wannan wuri, babu duka, babu abin da za a kai ƙara a kansa. Amma wace mace ce ba ta san wannan salon ba? An karɓe wa Isabel damar da ta yi wa kanta tanadi ta zama mai faranta wa yarinyar rai ko da sau ɗaya. Jackie ba muguwa ba ce. Tsoro ne ke cin ta. Ta ba da aikinta da ƙuruciyarta don ta zama uwa, miji ya tafi, abin da ya rage mata shi ne ita ce wadda babu kamarta a wurin yaran nan. Duk murmushin da Anna za ta yi wa Isabel, Jackie tana jin kamar daga rabonta aka yanka.

Patricia Papernow, likitar halayyar ɗan Adam da ta shafe shekaru tana aiki da irin waɗannan iyalai a Amurka, tana bayyana halin da yaro ke shiga da cewa ɗaurin biyayya ne: yana ji a ransa idan ya so matar ubansa ya ci amanar uwarsa. Abin da ya fi ban tausayi, sau da yawa idan matar uban ta kasance mai kirki ɗaurin sai ya ƙara tsananta, domin yaron ya fara jin sonta, sai ya tsorata da kansa, sai ya ƙara kaushi don ya tabbatar wa uwarsa yana nan tare da ita. Wannan ne ya sa kyauta da lallami ba su yi wa Isabel aiki a kan Anna ba. Ƙullin ba a hannunta yake ba, balle ta kwance shi. Papernow ta kuma nuna cewa haɗuwar irin wannan gida ba aikin watanni ba ne. Iyalan da suka yi sauri sukan ɗauki kusan shekara 4, matsakaita kuwa kusan 7.

Inda Isabel ta fara samun shiga, ta ƙaramar ƙofa ta shiga. Ta tarar da Anna tana fama da zanen bishiyoyi ya ƙi yi mata kyau, ta zauna ta nuna mata dabarar da ta sani. Ba ta yi mata nasiha ba, ba ta tambaye ta dalilin ƙiyayya ba, zane kawai suka yi. Abu ne da Isabel ta iya, kuma ba ya cikin abubuwan da Jackie ta mallaka, saboda haka yarinyar ta karɓa ba tare da jin ta ci amanar kowa ba. Masu ba da shawara a wannan fanni suna nanata cewa shaƙuwa ce ke gaba da gyara: matar uba ko mijin uwa su fara gina zumunci, tsawatarwa kuma ta zauna a hannun mahaifi har sai yaro ya amince. Duk lokacin da Isabel ta yi ƙoƙarin ba da umarni, amsar da take samu ita ce ke ba uwata ba ce. Lokacin da ta zauna gefen yarinyar da burushin fenti a hannu, ba ta ji wannan amsa ba.

Ta kuma yi kuskure ko bayan hakan. Da wani yaro a makaranta ya riƙa wulaƙanta Anna, uwarta ta ce ta yi banza da shi, shawarar ba ta yi aiki ba. Isabel ta koya mata baƙar maganar da za ta yaɓa masa, da kalmomin da ba su dace da bakin 'yar shekara 12 ba, ta kuma ɗauko wani saurayi mai tallar kaya a kan babur ya zo ƙofar makaranta a matsayin masoyin Anna. Dabarar ta ci, Anna ta yi farin ciki, Jackie ta fusata. Ina ganin Jackie ta fi gaskiya a nan. Isabel ta magance kukan ranar, amma ta koya wa yarinyar cewa ana sayen mutunci da ƙarya. Sai dai ita ma tana da abin faɗa: yarinyar ta zo mata da hawaye, kuma wannan ne karo na farko da ta zo.

To ina uban yake duk wannan lokaci? Wannan ita ce tambayar da fim ɗin ya kauce mata, ni kuwa ba zan kauce ba. Luke mutumin kirki ne a yadda aka nuna shi, yana son 'ya'yansa, yana magana a hankali. Amma shi ne ya haɗa wannan gida, kuma shi ne ya fi kowa ƙarancin zama a cikinsa. Safiyar farko ba ya nan. Ranar da Ben ya ɓace, an bar wa Isabel yara biyu a ranar da take da aiki. A ƙarshe Isabel ce ta rasa aikinta saboda yawan barin wurin ɗaukar hoto don ɗauko yara, shi kuwa lauya bai rasa komai ba. An bar mata biyu suna ta gwabzawa a kan nauyin da rabinsa nasa ne, fim ɗin kuma ya ɗauki hakan kamar haka duniya take. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar gidan Harrison ita ce kujerar uban da ke zama babu kowa. Da shi ne ke tashin yaransa da safe a ranakun da suke wurinsa, da Isabel ta samu sararin zama baƙuwa mai kirki kafin a ɗora mata aikin uwa.

Sai ciwo ya shigo. An gano Jackie tana da ciwon daji irin mai kama kaluluwa. Ta ɓoye, tana zuwa asibiti a asirce, har Isabel ta zargi cewa shirin ƙaura take yi da yaran zuwa wani gari, ta tunkare ta, sannan gaskiya ta fito. Da aka gaya wa yaran, Anna ta yi fushi da uwarta saboda ɓoyewar. Magani bai yi aiki ba, Jackie ta zaɓi ta ƙarasa kwanakinta a gida.

Daga nan ne aka zo zaman da matan biyu suka yi su kaɗai a wani gidan abinci, wanda shi ne zuciyar fim ɗin. Jackie ta fara da tona asirin kanta: ita ma ta taɓa ɓatar da Ben a kanti. Uwar da ta nemi kai Isabel kotu a kan wannan laifi, ashe ita ma ta taɓa yin sa. Isabel ta faɗi abin da ke hana ta barci. Tana hango ranar auren Anna, tana gyara mata lulluɓi, tana gaya mata ta yi kyau, alhali yarinyar a zuciyarta tana cewa ina ma uwata ce a nan. Jackie ta ce nata tsoron shi ne kada ranar ta zo yarinyar ba ta tuna da ita ba. Sannan ta ce ba dole ne yaran su zaɓa ba, za su iya riƙe su duka biyu: ita tana da jiyansu, Isabel ta ɗauki gobensu.

Wannan shi ne izinin da Ben ya nema tun a kan doki. Kuma a nan ne nake da babbar ƙorafi a kan fim ɗin, duk da cewa wurin yana sa ni hawaye. An sayi izinin da mutuwa. Jackie ta saki yaran ne bayan ta tabbatar ba za ta kasance ba, Isabel kuma ta samu karɓuwa ne a matsayin magajiya. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki, in ji Hausawa, kuma a kan wannan karin magana marubutan suka jingina ƙarshen labarinsu ko da ba su san ta ba. Amma yawancin yaran da ke tsakanin uwa da matar uba, uwarsu tana raye, lafiyarta ƙalau, za ta halarci bikinsu. Tambayar da ta fi wuya ita ce yadda mace mai rai da lafiya, wadda aka saka, wadda har yanzu ciwon sakin bai warke mata ba, za ta dubi ɗanta ta ce masa je ka, ka so ta, ba ka rage ni da komai ba. Fim ɗin ya kawo mu bakin wannan tambaya, sannan ya kauce ta hanyar asibiti.

Masu kallon finafinan Indiya, waɗanda ba su da kaɗan a cikinmu, wataƙila sun san labarin ta wata fuskar. A 2010 Karan Johar ya shirya We Are Family bayan samun izinin masu fim ɗin na asali, Kajol ta fito a matsayin uwa, Kareena Kapoor matar da ke shigowa, Arjun Rampal kuma uban. An kai labarin Ostareliya, yaran suka zama uku. Canjin da ya fi jan hankalina shi ne, da mijin ya ji tsohuwar matarsa ba ta da lafiya sai ya koma gidanta, daga baya ita da kanta ta nemi ɗayar ta zo su zauna tare don ta koyi riƙon yaran. An mayar da gida biyu gida ɗaya, abin da ya fi kusa da tunanin mai kallo a Mumbai, ko ma a Kano. Amma ciwon dajin yana nan, ba a taɓa shi ba. Su ma ba su iya hango sulhu tsakanin matan biyu ba sai da kabari a gaba.

Ba laifin masu fim kaɗai ba ne. Labaran da aka raine mu da su, mu da su, ba su tanadi gurbin matar uba ta kirki ba. A bugun farko na tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Grimm na Jamus, a 1812, sarauniyar da ta nemi kashe Snow White mahaifiyarta ce ta cikinta. A bugun 1819 aka mayar da ita matar uba, domin a tsare martabar uwa, muguntar kuma aka sauke ta a kan wadda ta zo daga baya. Mu ma da tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa muka yi barci muna yara. Harshenmu kansa ya yanke hukunci kafin a fara zama: matar uba ita ce kishiyar uwa, ko da uwar ta bar gidan shekara goma kafin a kawo ta. Kalmar agola kuwa, sau nawa ake faɗin ta ba da sigar gori ba? Idan muna son mu ce mutane suna gaba mai tsanani, cewa muke yi suna 'yan ubanci. Har karin maganarmu ta ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, wanda ke nuna abin da muke tsammani zai sami wanda tasa uwar ba ta nan.

Alhali muna da wani gadon da ya fi wannan. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 23, ya ambaci 'ya'yan matanku da ke cikin kulawarku, ya sanya su cikin waɗanda aure ya haramta da su, wato ya ba agola matsayi a cikin gida. Umar bin Abi Salama agolan Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma hadisin da kowane ɗan Islamiyya ya haddace na ambaton sunan Allah da ci da dama da cin abin da ke gabanka, a kan akushi ɗaya aka gaya masa shi, cikin taushin murya. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce ke da haƙƙin riƙon 'ya'ya bayan rabuwa, idan ta yi wani auren kuma haƙƙin ya koma ga mahaifiyarta. A aikace kuwa mun san sau da yawa uba ne ke karɓe yara, su tashi a hannun matarsa, uwar tana wani gari, ganinta sai da salla. Yaron da ke cikin wannan hali yana ɗauke da tambayar Ben, sai dai shi kunya da tarbiyya ba za su bar shi ya furta ba. Yakan karanci amsar ne a fuskar uwarsa ranar da ya je mata hutu, lokacin da ta ɗaga rigarsa tana duba ko ya rame, ta tambaye shi ko waccan matar tana ba shi abinci.

Fim ɗin bai nuna mutuwar Jackie ba. Ya tsaya ne a safiyar Kirsimeti, tana kwance a ɗakinta, ta kira yaran ɗaya bayan ɗaya. Ben ta ɗinka masa alkyabbar masu rufa-ido, Anna kuma bargo, duka biyun an jera musu hotunan rayuwarsu da ita, kuma da yawa daga hotunan kwanakin ƙarshe Isabel ce ta ɗauka, domin Jackie ta roƙe ta hakan. Daga baya aka taru a falo, Isabel ta saita kyamara ta ɗauki uwa da uba da 'ya'yansu biyu, ita tana bayan na'ura inda ta saba tsayawa. Jackie ta ce a sake ɗauka da iyalin gaba ɗaya, ta matsa ta yi mata wuri a gefenta. Isabel ta saita kyamarar ta ɗauka da kanta, ta zo ta zauna. Jackie ta ɗora hannu a kafaɗarta, Isabel ta kama hannun, yaran biyu suna kusa da su suna kallon kyamara.